Maganin zuciya yana wahalar da ni: tambayoyi da amsoshi

Maganin zuciya da na hawan jini abokin zama ne na shekaru, wani ma har ƙarshen rayuwa. Shi ya sa ɗan tari ko kasalar da mutum zai iya jurewa na mako guda kan zame masa babban abu idan ya ga babu ranar ƙarewa. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2003 ya nuna cewa ko a ƙasashe masu arziki, kusan rabin masu doguwar jinya ne kawai ke shan magani yadda aka rubuta musu. Da yawa daga cikin masu dainawar ba taurin kai ba ne ya sa su, jikinsu ne ya gaji, kuma ba su san ana iya gyara lamarin ba. Amsoshin da ke ƙasa shiri ne na zuwa gaban likita, hukunci kuwa nasa ne, don shi ya san zuciyarka da ƙodarka.

Tun da na fara shan maganin nan na fi jin jiki. Ba gara in bar shi ba?

Kada ka bar shi da kanka, kada kuma ka yi shiru kana cijewa. Akwai magungunan da tsayar da su farat ɗaya ya fi illarsu haɗari. Waɗanda sunansu ke ƙarewa da "olol", irin su bisoprolol, atenolol da metoprolol, suna riƙe da gudun zuciya ne. Idan aka sake ta lokaci guda sai ta zabura, jini ya hau, ciwon ƙirji ya dawo, wani har jijiyar zuciyarsa ta toshe. Haka wanda aka saka wa 'yar ragar ƙarfen nan da ke buɗe jijiyar zuciya: idan ya ajiye aspirin da clopidogrel ko ticagrelor kafin lokacin da aka ɗiba masa, jini na iya daskarewa a cikin ragar.

Likita yana da hanyoyi fiye da yadda marasa lafiya ke zato. Yana iya sauya lokacin shan ƙwayar, ya rage yawanta, ko ya musanya ta da wata mai aiki iri ɗaya. Yana iya gano cewa ma ba maganin ba ne ke damun ka. Amma sai ka faɗa zai sani. Mutum ya zo asibiti, a tambaye shi ya jiki, ya ce da sauƙi, alhali ya yi wata biyu ba ya barci saboda tari, to wa ya cuta?

Kullum a gajiye nake, ƙafafuna sun yi nauyi, hannuwana sanyi ƙalau. Mene ne wannan?

Idan kana shan ɗaya daga cikin masu "olol", ko carvedilol, da alama shi ne. Aikinsu toshe tasirin sinadarin adirenalin a kan zuciya, don ta riƙa bugawa a hankali ta huta. To, a makonnin farko duk jiki yana jin wannan saukar. Ga yawancin mutane kasalar kan ragu bayan 'yan makonni. Masu raunin zuciya kuwa da gangan ake fara musu da ɗan kaɗan ana ƙarawa sannu a hankali, kuma sukan ɗan ji nauyi duk lokacin da aka ƙara kafin su ga amfanin.

Ka koyi ƙirga bugun zuciyarka: ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ta gefen babban yatsa, ka ƙirga na minti ɗaya kana zaune. Idan yana sauka ƙasa da 50 kuma kana jin jiri ko numfashi na yi maka wuya, ka nemi likita a ranar. Wasu sukan yi munanan mafarkai, musamman da propranolol ko metoprolol, kuma sauya magani kan kawar da su. Mai ciwon suga ya sani cewa waɗannan magunguna na iya ɓoye bugawar ƙirji da rawar jikin da ke sanar da shi sugansa ya faɗi, sai dai gumi ya rage masa a matsayin alama. Mai asma kuma ya faɗa tun kafin a rubuta masa.

Gajiya dai tana da uwaye da yawa. Ƙarancin jini, matsalar maƙoƙo, rashin barci, damuwa, da ciwon zuciyar kansa duk suna kawo ta, don haka gwajin jini ba ɓata lokaci ba ne.

Da na miƙe tsaye sai in ga duhu, jiri ya kwashe ni.

Jininka ne ke faɗuwa idan ka tashi. Likitoci suna auna shi kana kwance, su sake aunawa cikin minti 3 da miƙewarka. Idan lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10, sun gano matsalar. Kafin nan, ka riƙa tashi a matakai: ka zauna a bakin gado, ka motsa ƙafafu, sannan ka miƙe kana riƙe da wani abu. An fi faɗuwa da dare a hanyar banɗaki, da bayan wanka da ruwa mai zafi, da lokacin da aka yi gumi sosai. Wani lokaci raba ƙwayoyin, wasu da safe wasu da dare, shi kaɗai ke magance abin. Idan ka taɓa suma kuwa, wannan ba na jira ba ne.

Wani busasshen tari ya addabe ni, na sha maganin tari har na gaji.

Duba kwalin maganinka. Idan sunan ya ƙare da "pril", kamar lisinopril, enalapril, ramipril ko captopril, to ga mai laifin nan. Suna sa wani sinadari mai suna biradikinin ya taru a hanyar numfashi, sai maƙogwaro ya riƙa ƙaiƙayi, tari ba majina, ya fi tsanani idan an kwanta. Kimanin mutum 1 cikin 10 na masu sha yana samun sa, kuma ya fi kama mata. Yana iya farawa bayan watanni, shi ya sa mutane ba sa danganta shi da maganin. Maganin tari ba ya taɓa shi. Mafita ita ce a koma dangin "sartan", wato losartan, valsartan ko candesartan, masu aiki kusan iri ɗaya ba tare da tarin ba. Bayan an sauya, tarin kan lafa cikin mako 1 zuwa 4, wani lokaci ya ja har wata 3.

Akwai wata illar dangin "pril" wadda ba ta da yawa amma tana kisa: kumburin leɓe, harshe, fuska ko maƙogwaro. An tabbatar ta fi samun baƙar fata, kuma tana iya zuwa ko bayan shekaru ana shan maganin lafiya lau. Idan ka ga haka, kada ka ƙara ko ƙwaya ɗaya, ka nufi sashen gaggawa nan take, ko da tsakar dare ne.

Ƙafafuna suna kumbura. Zuciyar ce ta ƙara lalacewa?

Ba lallai ba ne. Amlodipine da nifedipine suna buɗe ƙananan jijiyoyin jini, sai ruwa ya tsattsafo ya taru a idon sawu. Za ka ga da yamma takalmi ya matse, safa ta bar shaida a fata, da safe kuma ya sace. Maganin sa fitsari ba ya yi wa irin wannan kumburi aiki sosai, domin ba ruwa ne ya yi yawa a jiki ba. Abin da ke taimakawa shi ne rage yawan maganin, ko haɗa shi da ɗan dangin "pril" ko "sartan", da ɗaga ƙafa idan an zauna. Suna kuma iya sa ciwon kai, ɗumin fuska da kumburin dasashi.

Kumburin raunin zuciya daban yake: yana zuwa da haki, da kasa kwanciya sai an tara matasai, da hauhawar nauyi. Mai raunin zuciya ya hau sikeli kowace safiya bayan ya yi fitsari, kafin ya karya. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne ba ƙiba ba, a kira likita. Ƙafa ɗaya kuma da ta kumbura tana zafi, ana tsoron gudan jini ne, a je a duba a ranar.

Maganin fitsari ya hana ni fita, ya hana ni barci.

Furosemide, wanda aka fi sani da Lasix, yakan fara aiki cikin awa ɗaya, ya ɗauki kamar awa 6. Da ka san wannan sai ka tsara yininka a kansa. A sha da safe, idan kuma sau biyu ne, na biyun kada ya wuce farkon la'asar. Ranar da kake da tafiya ko taro da safe, yawanci ba laifi ka jinkirta shi har ka isa inda za ka samu banɗaki, amma ka tambayi likitanka sau ɗaya don ka san iyakarka. Jinkirtawa daban, tsallakewa daban. Wanda ya mayar da tsallakewa al'ada, ruwa zai cika masa huhu.

Ɗaurewar jijiya a ƙafa, ƙishirwa mai tsanani ko ruɗewa na iya nuna gishirin jini ya rikice. Waɗannan magunguna kuma suna iya tayar da ciwon gaɓɓan nan da ke kama babban yatsan ƙafa. Shi kuwa spironolactone yana sa nonon wasu maza ya kumbura ya yi zafi. A babban binciken da aka wallafa a 1999 kan masu raunin zuciya, kusan 1 cikin 10 na mazan sun samu haka. Maza da yawa kunya ke hana su faɗa, alhali akwai eplerenone da ba ya cika yin hakan.

An ce maganin rage kitsen jini yana lalata tsoka. Ni ma cinyoyina ciwo suke yi.

Ciwon da kake ji gaskiya ne. Tambayar ita ce daga ina ya fito. A 2020 masu bincike a Landan suka tara mutum 60 waɗanda duk sun daina shan wannan magani saboda illarsa. Aka ba kowa kwalabe 12, ɗaya a wata: 4 da atorvastatin, 4 da ƙwayar da ba komai a cikinta, 4 kuma babu ƙwaya sam. Kullum suna rubuta yadda suka ji. Da aka tattara, kashi 90 cikin 100 na wahalar da suka ji a watannin magani sun ji ta a watannin ƙwayar da ba komai a ciki. Bayan an nuna wa kowa sakamakonsa, rabinsu suka koma shan maganin.

Wannan ba ya nufin mutum ƙarya yake yi ko raki. Tsammanin ciwo yana haifar da ciwo na haƙiƙa, ga shi kuma yawancin masu shan maganin sun kai shekarun da gwiwa da baya ke ciwo da ma. Duk da haka akwai waɗanda maganin ne da gaske. Nasu yakan kama manyan tsokoki na ɓangarorin biyu, cinyoyi ko kafaɗu, cikin makonnin farko ko bayan an ƙara yawansa. Likita kan dakatar da shi na 'yan makonni ya gani, sannan ya dawo da shi kaɗan, ko ya sauya zuwa rosuvastatin ko pravastatin, ko ya kawo ezetimibe. A ganina wannan gwajin ya fi zaman zargi.

Abin gudu shi ne ciwon tsoka mai tsanani da rashin ƙarfi tare da fitsari mai duhu. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana taɓa ƙoda, don haka asibiti kai tsaye.

Abin da nauyin faɗa, amma tun da na fara magani na rage ƙarfi wajen iyali.

Wannan na cikin manyan dalilan da ke sa maza ajiye magani a ɓoye. Tsofaffin masu "olol" irin su atenolol, da magungunan fitsari irin su hydrochlorothiazide, suna iya taɓa wannan fanni. Dangin "sartan" da nebivolol ba su cika yi ba, don haka akwai inda za a koma. Sai dai a sani, ciwon da ya cushe jijiyoyin zuciya shi ne ke cushe na gaba, kuma sau da yawa raunin ya riga maganin zuwa. Suga da taba ma suna da hannu.

Fargaba ma tana da nata kason. A wani bincike da aka yi a Italiya a 2003, an ba maza 96 atenolol. Cikin waɗanda ba a gaya wa sunan maganin ba, kusan kashi 3 cikin 100 ne suka yi ƙorafi. Waɗanda aka gaya wa sunan, kusan kashi 16. Waɗanda aka ce musu yana iya rage ƙarfi, kusan kashi 31. Ƙwaya ɗaya ce duka.

Gargaɗi ɗaya babba: mai amfani da maganin ciwon ƙirji na ƙarƙashin harshe, ko isosorbide, kada ya kusanci sildenafil, wato Viagra, ko tadalafil. Haɗuwarsu na iya kayar da jini har a rasa rai. Haka magungunan ƙarin ƙarfi da ba a san abin da ke cikinsu ba, domin an sha samun sildenafil a ɓoye a irinsu. Mata ma suna fuskantar raguwar sha'awa da bushewa, kuma su ma suna da haƙƙin a saurare su. Ka yi magana da iyalinka, don shiru kan sa a zargi abin da ba shi ba.

Ina shan maganin tsinka jini. Ɗan bugu kaɗan sai fata ta yi baƙi.

Tabon taruwar jini, ɗan jini a dasashi, da yanka da ke jinkirin tsayawa, duk ana sa ran su. Yi amfani da buroshi mai laushi. Idan haɓo ya zo, ka zauna ka sunkuyar da kai gaba, ka matse tattausan wurin hanci minti 10 zuwa 15 ba sakewa. Wanda ba a wasa da shi: bayan gida baƙi ƙirin mai yauƙi, aman jini, jini a fitsari, ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, ko buguwa a kai ko da ka ji garau.

Mai shan warfarin yana buƙatar gwajin INR, wato awon saurin daskarewar jini, a kai a kai, kuma ga yawanci ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Sababbin, irin su apixaban da rivaroxaban, ba sa buƙatar wannan gwaji, amma aikinsu na gushewa da wuri, don haka mantuwar kwana ɗaya tana barin ka ba kariya. Wanda aka saka wa bawul ɗin ƙarfe a zuciya kuwa warfarin ne nasa. Mace da jinin al'adarta ya ƙaru sosai ta faɗa, kada ƙarancin jini ya kama ta. Kafin cire haƙori ko wata tiyata, a sanar tun da wuri.

Akwai abincin da zan ƙaurace wa?

Kaɗan ne. Mai shan warfarin ba a hana shi ganyaye ba, abin da ake so kada ya ci tuli wannan mako ya bari mako mai zuwa, domin bitamin K da ke cikinsu yana rage ƙarfin maganin. Lemon garehul yana ƙara yawan simvastatin da wasu magunguna a jini. Gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini. Amma hattara da gishirin da ake tallatawa a matsayin na masu hawan jini: fotasiyam ne a cikinsa, kuma ga mai shan "pril", "sartan" ko spironolactone yana iya taruwa ya rikita bugun zuciya.

Idan kaina ko bayana na ciwo, wane magani zan saya?

Paracetamol ya fi aminci. Ibuprofen, diclofenac da danginsu suna riƙe ruwa, suna ɗaga jini, suna wahalar da ƙoda, ga ƙara haɗarin zubar jini a ciki ga mai shan maganin tsinka jini. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci suna sa zuciya gudu. Maganin ƙwayoyin cuta irin clarithromycin ba ya jituwa da simvastatin. Haka na ganye da saiwa: kasancewar abu daga tsiro bai sa ya zama marar ƙarfi ba. Maganin zuciyar nan digoxin kansa daga wani fure aka samo shi, wanda likitan Ingila William Withering ya yi rubutu a kansa a 1785, kuma ɗan ƙari kaɗan ke mayar da shi guba. Duk abin da za ka haɗiya, nuna wa mai harhaɗa magani jerin abin da kake sha.

Amai da gudawa sun kama ni. In ci gaba da sha?

Kira likita ko nas a ranar. Idan jiki ya rasa ruwa, magungunan fitsari, "pril", "sartan", da magungunan suga da zuciya irin su dapagliflozin ko empagliflozin suna iya cutar da ƙoda, don haka akan dakatar da su kwana ɗaya ko biyu har ka koma ci da sha. Ya fi kyau ka nemi a rubuta maka wannan tsari tun kana lafiya.

Mahaifiyata tana shan ƙwayoyi takwas, ta daina cin abinci, tana ruɗewa. Tsufa ne?

Allah ya ba Mama lafiya. Kada a yi saurin ɗora wa tsufa. Ƙodar dattijo ba ta fitar da magani da sauri, don haka abin da ya dace da ita shekara biyar da suka wuce yana iya yi mata yawa yau, musamman idan ta rame. Idan akwai digoxin a ciki, rashin cin abinci, tashin zuciya, ruɗewa da ganin abubuwa rawaya-rawaya alamun ya taru ne, a kai ta a auna yau. Ƙarancin gishirin jini ma yana kawo ruɗewa.

Ku zuba duk kwalayen a jaka ɗaya ku kai wa likita, har da waɗanda ta saya da kanta. Sau da yawa akan tarar da magani ɗaya da sunaye biyu na kamfanoni daban, tana shan duka biyun. Ku tambaya a kan kowace ƙwaya: wannan ta mece ce, kuma har yanzu ana buƙatarta? Akwatin ƙwayoyi mai gidan kowace rana yana rage ruɗani sosai.

Na manta ban sha ba. In haɗa biyu?

A'a. Idan ka tuna da wuri ka sha, idan lokacin na gaba ya kusa ka bar wancan ya wuce. Magungunan tsinka jini kowanne da ƙa'idarsa a takardar cikin kwali.

Ina son haihuwa, ko kuma ina zaton na samu juna biyu.

Dangin "pril" da "sartan" suna cutar da ɗan tayi, warfarin ma haka, kuma akan dakatar da maganin kitsen jini. Ki ga likita tun kafin ki ɗauki ciki don a sauya miki da irin su labetalol, nifedipine ko methyldopa. Idan cikin ya riga ya shiga, ki je a ranar da kika sani.

Ba na jin daɗin komai, kullum tsoro nake kada zuciyar ta tsaya.

Kusan mutum 1 cikin 5 na waɗanda jijiyar zuciyarsu ta taɓa toshewa suna shiga ciwon damuwa mai tsanani bayan haka, kuma mai damuwa shi ya fi saurin barin magani. Ana maganinsa, da zama da masani ko da ƙwaya, amma likitan zuciya ya san wadda za a ba ka. Abin da ya fi dawo da ƙarfin gwiwa shi ne motsi. 'Yan uwa sukan hana marar lafiya ɗaga ko tsinke saboda ƙauna, sai zaman ya ƙara raunana shi. Idan likita ya ba da izini, fara da tafiyar minti 10, kana ƙarawa har ka kai minti 150 a mako. Ma'auninka shi ne ka iya magana kana tafe. Mai shan "olol" kada ya jira zuciyarsa ta yi gudu kafin ya san ya motsa, domin maganin ba zai bar ta ba. Idan asibitinku na da shirin farfaɗo da masu ciwon zuciya, ka nemi a saka ka.

Lokacin ganin likita gajere ne. Yaya zan yi ya fahimce ni?

Ka je da takarda. Rubuta abin da kake ji, ranar da ya fara, awa nawa bayan shan ƙwaya yake zuwa, da lambobin awon jininka idan kana aunawa a gida. Sannan ka faɗi abin da ya hana ka yi: "Ba na iya hawa bene zuwa wurin aikina," ko "Sau biyar nake tashi fitsari da dare." Irin wannan ya fi "ba na jin daɗi" amfani nesa ba kusa ba. Idan ka riga ka daina wani magani, ka faɗi gaskiya da ranar da ka daina, don in ba haka ba likita zai ga jini a sama ya ƙara maka wani a kan wanda yake zaton kana sha. Kafin ka fito ka tambayi abu biyu: makonni nawa za a jira a ga ko canjin ya yi aiki, da kuma wa za ka kira idan abin ya ƙaru kafin ranar dawowa.